Kek ɗin da Babana Ya Ci

Ni ba mai yawan magana ba ce. 'Ya'yana sun sani, maƙwabta ma sun sani. Abin da ya wuce nakan bar shi inda ya faɗi, in yi gaba. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, an rushe ɗakin da aka haife ni ina tsaye ina kallo, duk ban zauna ina ba kowa labari ba. Amma akwai abu guda da ya ƙi kwanciya. Kwanakin baya wata baiwar Allah ta taso mini da shi, ba ta ma san ta yi ba.

Nas ce, 'yar Nijeriya, tana haya a saman benenmu a nan unguwar Bani Malik, cikin Jidda. Aikin asibiti ya kawo ta. Mace mai fara'a, Hausarta cike da Turanci kamar yadda tamu take cike da Larabci, wani lokaci sai mu tsaya muna kallon juna, kowa bai gane ɗan'uwansa ba. Ta je hutu wurin yayanta a Ingila. Da ta dawo ta sauko da faranti a rufe.

"Mama, ga tsarabarki. Kek ne irin nasu na gargajiya, baƙin nan mai zabibi. Kada ki ji komai, na karanta takardar tun a kanti, babu barasa ko ɗigo."

Na ce, "Takardar ce ta gaya miki?"

"Ita fa. Ai komai a rubuce yake, har gishirin da suka sa."

"To, Allah ya yi wa takarda albarka."

Ta yi dariya ta ce, "Kai Mama, ke dai ba a burge ki." Ta buɗe farantin. Ban ci ba, ina da ciwon sukari. Amma ƙamshin ya shiga hancina kafin in kau da kai, kirfa da ɓawon lemo da zabibin da ya daɗe. Ta fita, na zauna a wurin har aka kira magariba ban motsa ba. Washegari na aika aka kira ta. Na ce tunda ta iya takarda, ta zauna ta rubuta abin da zan faɗa. Kada ta sa suna ko ɗaya, kada ta gyara mini magana.

Yanzu kek ba komai ba ne a Jidda. Jikokina sukan danna waya, kafin shayi ya tafasa mai babur ya buga ƙofa da kwali. Ja, shuɗi, kore, kamar atamfa. Kumfa ce zalla, in ka sa a baki ba ka san ka ci wani abu ba. Su ɗauke shi hoto ta kowane gefe, su ci cokali biyu, sauran ya yi ta kwana a firij har a zubar. "Ya Sitti, ɗanɗana bas," in ji su, wato Kaka ki ɗanɗana kawai, da 'yar Hausarsu da ta karye. Ba wanda yake tambayar me ke ciki. In ma ya so sani, zai juya kwalin ya karanta. A zamaninmu babu kwali, babu takarda, ko da akwai ni ban iya karanta ta ba, har yau. Abin da ke cikin abinci, bakin wanda ya kawo shi ne ke faɗa. In an yi shakka, ya rantse. Shi ke nan.

A garin nan aka haife ni, a bayan unguwar Ammariyya, cikin ɗakin katako da kwano. Da rana kwanon ya yi zafi har ba a jingina da shi. Abin da ke tashin mu da safe kiran salla ne, sannan kukan jakunan masu ruwa, sannan jiniyar jirgin ruwa daga tasha, can ƙasa-ƙasa kamar kukan saniya. Sai kuma tabaryar Inna. Daka take yi wa gidajen Larabawa, kayan yaji da gahawa da lalle, da yamma ta soya gyaɗa ta zauna a bakin layi. Ni ce mai tankaɗe, ni ce mai tsince gyaɗa, ni ce mai kai dakan gidajen masu shi a ka. Duk layinmu mutanenmu ne, waɗanda suka zo aikin hajji hanya ta ƙi mayar da su. Ana jin Hausa, ana jin Barbarci da Fillanci, mu yara kuwa da Larabci muke zagin juna. Ba mu san iƙama, takardar izinin zama, ba sai daga baya, ba mu san kafili mai tsaya wa baƙo ba. Mun san dai wane ɗan wane ne, da garin da ubansa ya baro. In yau na bi ta wurin a mota, ko inda ƙofarmu take ba na iya nunawa.

Baba a ƙasa ya zo. Ya baro ƙasar Hausa yana saurayi, ya yi shekaru a hanya, ya tsinci auduga a Sudan, ya haye Bahar Maliya a jirgin katako. Da ya sauke farali sai ya zama mai ruwa: sanda a kafaɗa, garwa biyu, hawa benen mutane da sauka tun safe har rana ta faɗi. Kafaɗarsa ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi. Sunan uwarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. Mutum ne mai sauƙin kai a komai, ban da abinci. Ko dabino aka miƙa masa sai ya ce, "Daga ina? Me ke ciki?" Gidajen da yake kai wa ruwa in sun ba shi ragowar abinci, sai ya ji asalinsa kafin ya karɓa. Inna takan yi masa tsiya: "Malam, wata rana ruwan da kake ɗauka ma sai ka tambaye shi sunan ubansa." Shi ko ba ya dariya a kan wannan. Yakan dafa cikinsa ya ce, "Ba ni da karatu, ba ni da dukiya, ban gina masallaci ba. Abin da zan kai gaban Allah shi ne wannan. A hanya na ci ganye, na yi kwana uku ban ci komai ba, ban sa masa haram ba. Yadda aka ba ni shi, haka zan mayar." Na ji wannan magana ban san adadi ba. Ina yarinya har kwaikwayonsa nake yi a bayan idonsa.

Da bayansa ya gaza, na riga na zama budurwa, sai wata ƙawar Inna ta samo mini aiki a gidan wasu Turawan Ingila a Sharafiyya. Mijin a tashar jiragen ruwa yake aiki. Baba bai so ba. Ya yarda ne da sharaɗi biyu: kada in ci namansu, kada in kawo masa gida abin da ban san cikinsa ba.

Matar, Madam nake ce mata. Doguwa, siririya, zafi ya mayar da ita ja. Ba ta da ɗa. Larabcinta gutsure-gutsure ne, ni kuwa Turanci babu ko kalma, amma a kicin mun fahimci juna. Ba muguwa ba ce. Kewar garinsu ce ke cin ta, kuma ba ta da inda take sauke ta sai a bakin furun, tanderun gashin da ke kicin ɗin. Nan ta koya mini kek irin nasu. Mu da ido muke girki, da tafin hannu. Su da sikeli. Akwai wani mai laushi da suka sa wa sunan wata tsohuwar sarauniyarsu. A ɗora ƙwai a sikeli da ɓawonsa, nauyin da ya yi shi za a auna na bota, na sukari, na fulawa. A buga bota da sukari da cokalin katako har ya yi fari, har hannu ya mutu. A gasa faifai biyu, a shafa murabba, wato 'ya'yan itace da aka dafa da sukari, a tsakani, a barbaɗa sukari a sama. In na ɗebi fulawa da hannu sai ta doke mini yatsu ta ce, "La, la, mizan!" In na kai hannu ƙofar furun kafin lokaci sai ta yi ihu kamar gobara ta tashi. Akwai ƙanana da ake ci da ɗumi, sikon, waɗanda ba a son a murza kwaɓinsu. Nawa na farko, ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa a tebur, ta kama hannuna ta duba, ta ce hannun tabarya ne. Da na kai su gida Inna ta ce a ajiye su sai lokacin hajji, a jefi Shaiɗan da su. Akwai mai citta da baƙin sukari, akwai mai lemon tsami da ake tsiyaya wa ruwan zaƙi tun yana da zafi. Ƙarfe huɗu na yamma, ko duniya za ta tashi, sai an sha shayi. Matan Turawa su zo su zauna ƙarƙashin fanka suna gumi, suna gardama a kan sikon, wai murabba ake fara shafawa ko kirim. Har fushi suke yi. Ni ina bakin ƙofa da butar shayi, ina mamakin mutanen da wannan ce damuwarsu.

Sai kuma baƙin, babba a cikinsu, na biki da na sallarsu ta ƙarshen shekara. Shi na fi iyawa. A jiƙa zabibi da ɓawon lemo da busassun 'ya'yan itace a baƙin shayi mai sanyi su kwana. Da safe a haɗa da bota, ƙwai, baƙin sukari, fulawa, kirfa, kanumfari, gyaɗar ƙamshi. A naɗe kwanon gashin da takarda, a ɗaure da zare, a rage wuta, ya gasu a hankali tun hantsi har la'asar. A soka tsinke, in ya fito a bushe ya yi. Da hannuna na yi shi, ba sau ɗaya ba. Ran Alhamis ragowar kek ɗin makon ni ake ba, haka Madam ta tsara. Nakan kai gida in lissafa wa Baba abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Kin ga an sa da idonki?" In ce, "Ni na sa." Sannan ya gutsira.

Sai ciwo ya kama shi, a cikin nan da yake tsaro. Duk abin da ya haɗiye sai ya dawo. Kunu ya dawo, romo ya dawo, shinkafa mai ruwa-ruwa ta dawo. An kai shi asibiti, an yi rubutu, an yi tofi. Ya rame har kantar kafaɗarsa ce kawai ta rage da nama. Inna ta daina daka a gida don ƙarar tana damun sa. Safiya ta zama shiru.

Cikin wannan hali Madam za su tafi bakin teku a Ubhur, ita da mijin, su yi kamar mako. Tururuwa sun dame mu a sito. Ta nuna mini kabad ɗin da hannu, ta ce in sauke komai in wanke, duk abin da ya tsufa in ɗauka ko in zubar. Ta faɗa sau biyu, na gane sarai. Na hau kujera. Can sama, bayan tulin kwalabe, na tarar da wani gwangwani mai zanen furanni, da ƙura a murfinsa. Na buɗe. Ƙyalle, sannan takarda, sannan kek baƙi, zagayayye, bai fi faɗin tafin hannu biyu ba, amma da nauyi kamar dutse. Ko ɗigon fumfuna babu. A Jidda fa! Garin da burodi ke yin kore a kwana biyu, zane ya yi wari cikin akwati saboda laima. Da mai hankali ce ni, da na tambayi kaina abin da ya hana shi lalacewa. Ban tambaya ba. A wurinmu ba a ajiye dafaffen abinci. Abin da ya kwana a ɗumama da safe, abin da ya yi saura a miƙa wa maƙwabci. Abincin da aka tura bayan kwalabe aka rufe, sunansa wanda aka manta, barinsa kuwa almubazzaranci ne. Ƙamshinsa ya fi na wanda nake yi ƙarfi, har da ɗan yaji a hanci. Na ce daɗewa ce. Ban taɓa jin warin barasa ba a rayuwata. A ina zan ji?

Na kai gida. Ina buɗewa Baba ya juyo da kai, abin da ya kwana biyu bai yi wa abinci ba.

"Uwata, me ke ciki?"

Na lissafa masa kamar kullum.

"Ke kika yi?"

"Ba ni na yi wannan ba, Baba, amma irin wanda nake yi ne sak. Wallahi babu komai."

Ya karɓi kamar kan ɗan yatsa. Ya daɗe yana tsotsa. Muka zauna ni da Inna, tasa a hannuna, muna jira ya dawo. Bai dawo ba. Ya yi barci har da minshari. Washegari shi ya nema da bakinsa. Inna ta fita tsakar gida ta yi sujada a kan ƙasa. Kwana shida yana ci, safe da yamma, kaɗan-kaɗan, da ruwan zamzam. Ya tashi zaune. Ya ba mu labarin wani jaki da ya gudu da kayansu a Sudan, ya yi dariya har ya riƙe haƙarƙari. Ya ce da Inna, "Ashe Nasara ma sun iya wani abu." Ni a lokacin ji nake babu 'yar da ta kai ni.

Madam ta dawo. Ta leƙa sito ta ce tamam, ya yi. Kwana ɗaya da dawowarta, da hantsi ina wanke-wanke, na ga ta fito daga ɗakinta da wata 'yar kwalba irin ta magani, ta ja kujera ta hau. Ta laluba. Ta sake lalubawa. Ta sauko da kwalaben duka. Sannan ta juyo.

"Ina gwangwani? Mai furanni?"

"Kin ce abin da ya tsufa in ɗauka."

Ta sauko a hankali ta zauna a ƙasa, a kan siminti, abin da ban taɓa ganin Baturiya ta yi ba. Da guntun Larabcinta da hannu ta yi mini bayani. Kek ɗin aurenta ne. A garinsu na biki hawa-hawa ake yin sa, a ci na ƙasa, a ajiye na sama. Ba a taɓa shi sai ranar sunan ɗan fari. Daga Ingila ta taho da shi, ya shiga jirgi ya fita jirgi, shekara da shekaru tana jira. Na ce ta yaya abinci zai yi shekaru? Sai ta ɗaga 'yar kwalbar. Ta ce lokaci-lokaci takan soka masa tsinke ta ɗura masa, shi ke hana shi lalacewa. Wanda take koya mini da shayi, saboda ni ne, saboda garin nan ne. Na ainihi da barasa ake yin sa. Ta buɗe murfin. Ƙamshin nan ne. Shi ne ya juyo da kan Baba.

"Wa ya ci?"

"Babana."

Ta san Baba, ya taɓa rako ni bakin ƙofa da carbinsa a hannu. Ta rufe baki da tafinta. Can kuma ta kama gefen zanena.

"Akwai saura? Ko kaɗan?"

Fiye da rabi yana gida, ƙarƙashin gadon Baba.

Na ce, "Halas. Ya ƙare."

Ban yi shawara da zuciyata ba, bakina ne ya riga ni. Ban ga matar da ke zaune a ƙasa ba. Tasar da nake riƙe wa Baba nake gani.

Ba ta kore ni ba. Ta ce ita ta ce in ɗauka. Kwalbar nan kuma, a ƙasar nan, in maganarta ta fita su ma ba za su ji da daɗi ba. Ta sani, na sani, babu wanda ya faɗa. Da ta gaji da zama ta tashi ta wanke fuska, ta dafa baƙin shayi, ta zuba zabibi a ciki da hannunta. Ta ce gobe za mu yi wa babanki wani, mai tsabta. Ran nan da na koma gida na ce wa Baba ya huta da kek, kada ya yi masa yawa. Washegari muka gasa sabon, ni da ita. Ban taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba.

Baba ya ɗanɗana ya ture. "Wannan ba shi ba ne." Na lallaɓa shi ya haɗiye loma ɗaya. Kafin in ajiye farantin ta dawo.

Inna ta ce, "Ke wace irin yarinya ce? Ga wancan can a gwangwani. Rowa kike yi wa ubanki?"

"Ina jin ya fara lalacewa, Inna."

Ta jawo shi ta shinshina. "Lafiyarsa ƙalau. Ya fi ki lafiya."

Na karɓe na ce a bari tukuna.

Kwana biyu ke nan bai ci komai ba. Bai yi mini faɗa ba, idonsa kawai ke bin gwangwanin. Na tafi aiki a ƙafa na dawo a ƙafa, daga Sharafiyya zuwa Ammariyya, ina juya abin. In na faɗa masa, ba zai sake ci ba, wannan ɗaya. Na biyun ya fi muni: zai san abin da ya tsare tun daga ƙasar Hausa, ya ratsa yunwar hanya da shi, 'yarsa ta ɓata masa a gadon ciwo. In na yi shiru na hana shi, yunwa ta kashe shi ina kallo. In na yi shiru na ba shi, to wannan karon da sanina. Babu wanda zan tambaya. Malamin layinmu abokin Baba ne, kafin yamma magana ta koma kunnensa.

Rana ta uku bayan la'asar na ɗauko wuƙa. Inna tana waje wurin gyaɗarta. Na yanka na miƙa masa. Ya karɓa, bai kai baki ba. Kallona yake.

"Uwata, fuskarki ta canza."

"Gajiya ce, Baba."

"Kwana biyu kina hana ni. Akwai abin da kika ji a kansa?"

"Babu."

"Me ke ciki?"

Na lissafa. Fulawa, ƙwai, bota, sukari, zabibi, kirfa. Muryata ba ta yi rawa ba. Har yau wannan yana ba ni tsoro.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ce wallahi."

Na ce wallahi.

Ya yi bismilla ya ci.

Kwana tara ya ƙara a duniya, kullum ni ke yanka masa. Bai sake tambaya ba. Ana gobe zai rasu, ina shara a ƙofar ɗaki, na ji yana ce wa Inna, "Alhamdu lillahi. Ban tara komai ba, amma zan mayar da cikina yadda aka ba ni." Inna ta ce, "Ka mayar, Malam, kowa shaida ne." Na ci gaba da shara. Washegari da hantsi ya cika.

Bayan an share makoki na mayar wa Madam gwangwaninta. Ban wanke ba, ban tuna ba. Ta buɗe. Akwai ɓarɓashi a gindi, da ɗanshinsa, na sabon yanka. Ta dube shi, ta dube ni. Na ga tana ƙirga kwanakin a ranta. Ta rufe ta kai ɗakinta. Har suka bar Jidda ba ta haihu ba, ban san bayan nan ba. Ba ta sake gasa baƙin kek ba ina gidan, ni ma ban sake ba har yau. Sauran kuwa da su na ci abinci. Da mijina ya rasu ya bar ni da yara, kek ɗin Madam ne ya raine su: na biki, na suna, na saukar karatu, har Larabawa suna aikowa wurin Bahaushiyar nan mai sikeli. Duk wanda ya nemi baƙin, nakan ce ban iya ba.

Inna ta rasu ba ta sani ba. Na taɓa tambayar wani malami a Makka, inda ba a san ni ba. Ya ce wanda ya ci bisa rashin sani babu komai a kansa. Na gode Allah. Baba ya tsira, cikinsa ya koma yadda ya so. Sai na ce, to wadda ta rantse tana sane fa? Ya ce irin wannan rantsuwa azumi ba ya goge ta, ciyarwa ba ta goge ta, sai tuba, tuba kuwa sai da nadama. Na yi godiya na tashi. Na yi azumin duk da haka, na yi ciyarwar, na yi ɗawafi ban san adadi ba. Amma in na zauna ina neman nadamar a raina, sai in tarar da Baba yana lasar yatsa, ya yi hamdala, ya kwanta babu yunwa. Da za a mayar da ni ranar nan, a sa mini wuƙar a hannu, ban san abin da zan yi ba. Ƙarya ne. Na sani. Zan yanka. Da wannan zan tafi, kuma lokacin ya matso.

Yanzu ni ce a kwance rabin yini. Sukari ya fara cin idona, ƙoda ta fara gajiya, abinci ba ya mini daɗi. Akwai wani magani da likita ya rubuta, na ce ba na sha, jiri yake sa ni, na gaji da haɗiye-haɗiye. Sau ɗaya na faɗa, 'ya'yana sun san ba na maimaita magana. Tun daga makon nan kununa ya canza. Akwai ɗan ɗaci can ƙarshen harshe, an bi shi da tsamiya don ya ɓuya. Shekara nawa ina auna abinci da sikeli, a ce ban san kunun da aka taɓa ba? Ita wannan mai rubutun ta sunkuyar da kai, ina jin da hannunta a ciki. Rubuta, ban tambaye ki ba.

Babbar 'yata ce ke kawowa. Jiya ta shigo da kofin, ta tsaya a kaina tana kallon bango.

"Ummi, yalla, sha tun da zafi."

Na dube ta. Na san fuskar nan. Leɓenta har ya shirya, jira take in tambaya.

Ta ce, "Ba ki ce komai ba, Ummi."

Na ce, "Miƙo."

Na yi bismilla na shanye. Ban tambaye ta me ke ciki ba, ba kuwa zan tambaya ba. Rantsuwa ɗaya ta ishi gidan nan.